Abokin Gudu Na Cikin Tabarau: Ina Riba, Ina Hasara Ga Ɗan Kasuwar Jimeta?

YOLA: A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a Yola da Jimeta kan haye digiri 40, duk wanda ke son motsa jikinsa da gudu ba shi da wani lokaci da ya wuce ɗan tsakanin nan na idar da sallar Asuba da hudowar rana. A unguwar Ajiya, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Yola ta Arewa, sa'a ce da masu shayi ke hura wuta, masu Keke Napep ke fito da kekunansu, 'yan kasuwa kuwa ba su kai ga buɗe rumfuna ba. Wanda ya fito sassarfa a wannan sa'a, ko dai likita ne ya gargaɗe shi saboda hawan jini ko ciwon sukari, ko kuma saurayi ne mai shirin neman aikin soja, galibi shi kaɗai ya ke fita, shi kaɗai kuma ya ke komowa.

Wannan kaɗaici, wanda shi ne ke sa mutane da yawa su fara gudun da ɗoki su watsar bayan mako biyu, ya zama haja a kasuwar duniya. Fiye da shekaru goma ke nan kamfanoni a Amurka da Turai suna zuba jari wajen neman hanyar da za su sayar wa mai gudu shi kaɗai abokin tafiya, kuma hanyar da aka fi kwarzantawa ita ce fasahar ɗora hoto a kan zahiri, wadda aka fi sani da haruffan AR. Tun da ya ke abin da ya fito a can ba ya daɗewa bai iso rumfunan masu sayar da kayan waya a babbar kasuwar Jimeta ba, ya dace ɗan kasuwa ya san inda aka ci riba a wannan harka da inda aka tafka hasara, kafin ya sa kuɗinsa.

Fasahar ba ta rufe wa mutum ido daga duniya. Titi yana nan, kwata tana nan, akuyar da ke tsallaka hanya ma tana nan. Abin da na'urar ke yi shi ne ta ƙara wani abu a bisa abin da ido ke gani ko kunne ke ji. A jikin tabarau na mai gudu akwai ɗan ƙaramin majigi da ke haska hoto a kan gilashi, akwai kuma na'urar da ke lura da juyawar kai, sa'an nan wayar da ke aljihu ko agogon hannu na karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam na GPS domin sanin inda mutum ya ke da irin saurin da ya ke yi. Idan aka haɗa waɗannan, sai mai gudu ya riƙa ganin siffar wani mutum a gabansa tana tafiya da saurin da aka zaɓa mata. Siffar na iya zama gudun da shi kansa ya yi jiya, ko kuwa na wani abokinsa da ke Mubi ko Kano, wanda ya yi nasa gudun ya tura bayanan ta intanet.

Da kunne aka fara

Abin mamaki shi ne gwaje-gwajen farko da suka yi armashi ba su da hoto ko kaɗan. Tun a shekarar 2007 wani mai bincike, Florian Mueller, tare da abokan aikinsa, suka fito da wani tsari da ke haɗa masu gudu biyu da ke garuruwa daban-daban ta hanyar murya. Kowane ya kan sa abin sauraro a kunne da makirufo, suna gudu suna hira. Dabarar da ke ciki ita ce ba daga wuri ɗaya a ke jin muryar abokin ba. A gwajin da suka bayyana a 2010, wanda ya haɗa masu gudu a Turai da Ostireliya, idan bugun zuciyar aboki ya nuna ya fi ƙoƙartawa, sai a ji muryarsa tana fitowa daga gaba, idan kuwa ya sassauta sai a ji ta daga baya. Da ya ke da ƙoƙarin kowa gwargwadon ƙarfinsa a ke aunawa, dattijo da saurayi na iya jin kansu kafaɗa da kafaɗa, ko da kuwa a titi ɗaya saurayin zai bar dattijon a baya tun a minti na farko.

Daga cikin waɗanda suka mayar da irin wannan tunani kuɗi akwai wani ƙaramin kamfani na London mai suna Six to Start, wanda ya haɗa kai da marubuciya Naomi Alderman suka fito da manhajar Zombies, Run! a shekarar 2012, bayan sun tara sama da Dala 72,000 ta hanyar karo-karo a intanet. Wasan kwaikwayo ne irin na rediyo, sai dai mai sauraro shi ne jarumin. Yana gudu muryoyi na yi masa magana a kunne, suna aika shi neman magani ko abinci domin mutanen wani gari da aka kewaye, kuma idan ya ji gurnanin dodanni a bayansa dole ya ƙara sauri. Miliyoyin mutane suka sauke ta a wayoyinsu, ba tare da sun sayi wata na'ura sabuwa ba.

Masu tabarau kuwa ba su ji da daɗi ba. Kamfanin Google ya fara sayar da nasa, Google Glass, a 2013 a kan Dala 1,500, ya dakatar da sayar wa jama'a a watan Janairu na 2015, ya kuma rufe har wanda ya ke yi wa masana'antu a watan Maris na 2023. Kamfanin Recon Instruments na birnin Vancouver a ƙasar Kanada ya fito da tabarau na masu gudu da masu tseren keke mai suna Jet a 2015 a kan Dala 699. Kamfanin Intel ya saye shi a wannan shekarar, amma zuwa 2017 ya rufe sashen. A 2020 wasu ɗaliban sakandare a birnin Seattle na Amurka suka gabatar da Ghost Pacer, wanda ke nuna siffar abokin tsere kamar yadda aka bayyana a sama, aka yi ta yayata shi a jaridu, sai dai bai zama kayan da a ke gani a fuskar masu gudu a tituna ba. Wanda ya ɗan tsaya da ƙafafunsa shi ne Engo na ƙasar Faransa, mai kimanin Dala 300, shi kuwa alƙaluma kawai ya ke nunawa: sauri, nisa da bugun zuciya.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Hoton da a ke haskawa a jikin gilashi dole ya fi hasken rana ƙarfi kafin a gan shi, ƙarfin haske kuwa na cin batir, batir babba kuma nauyi ne a kan karan hanci, wanda mai gudu zai ji shi a kowane taki. Ga gumi da ke dusashe gilashi. Bugu da ƙari, GPS na wayar hannu kan yi kuskuren 'yan mitoci ko da a fili ne, abin da ba ya damun direban mota, amma ya isa ya sa abokin da ke cikin tabarau ya riƙa tsalle daga gefen titi zuwa cikin kwata. Hatta kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, wanda sashensa na irin waɗannan na'urori ya yi hasarar Dala biliyan 17.7 a shekarar 2024 kaɗai, da ya tashi fito da tabarau na 'yan wasanni a watan Satumba na 2025, watau Oakley Meta Vanguard mai Dala 499, bai sa masa majigi ba. Kyamara ce da lasifika da makirufo, ya koma ga kunne ke nan. Mai nuna hoton, wanda ya fito da shi a wannan watan a kan Dala 799, ba domin gudu aka yi shi ba.

Inda kuɗin ya tafi

A daidai lokacin da masu ƙera tabarau ke faɗi-tashi, wani kamfani da bai ƙera ko da maɓalli ba ya mamaye kasuwar. Strava, wanda Mark Gainey da Michael Horvath suka kafa a 2009, waɗanda suka san juna a ƙungiyar tseren kwale-kwale ta jami'ar Harvard, manhaja ce da ke rubuta gudun mutum a kan taswira ta nuna wa abokansa. Su kuma su yaba masa, su ga wanda ya fi sauri a wani yanki na titi, su kafa ƙungiya. Ba a ganin kowa a lokacin gudun. Bayan an gama ne a ke haɗuwa a waya. Da wannan kaɗai kamfanin ya haye masu rajista miliyan 100 a 2022, ya sayi manhajar horar da masu gudu ta Runna a watan Afrilu na 2025, aka kuma yi masa ƙima ta kimanin Dala biliyan 2.2 a wannan shekarar. Kuɗinsa na fitowa ne akasari daga waɗanda ke biyan kuɗin wata-wata ko na shekara domin ƙarin bayanai.

Wasan Pokémon Go, wanda kamfanin Niantic ya fitar a watan Yuli na 2016, shi ne ya yaɗa fasahar AR ta wayar hannu a duniya, inda mutane ke yawo a tituna suna farautar halittun da ke bayyana a fuskar waya. Ya yi kuɗi ƙwarai, har a watan Maris na 2025 aka ba da sanarwar sayar da sashen wasannin kamfanin ga Scopely, wanda mallakar wani kamfani ne na ƙasar Saudiyya, a kan Dala biliyan 3.5. Amma wani bincike da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a watan Disamba na 2016 ya gano cewa masu wasan sun ƙara taki 955 a rana a makon farko, daga nan abin ya riƙa raguwa, zuwa mako na shida sun koma yadda su ke a da. Ɗokin sabon abu bai kai wata biyu ba. Ɗan kasuwar da zai sari kaya saboda ɗokin jama'a ya kamata ya riƙe wannan adadi.

Abin da ya fi ɗorewa shi ne idon aboki. A 2017 wasu masu bincike biyu na jami'ar MIT, Sinan Aral da Christos Nicolaides, suka buga sakamakon nazarin da suka yi wa masu gudu kimanin miliyan 1.1 na tsawon shekaru biyar. Domin su tabbata ba dace kawai ba ne, sai suka yi amfani da bambancin yanayi: idan rana ta yi kyau a garin wani har ya ƙara gudu, shin abokinsa da ke wani garin da yanayinsa bai canza ba shi ma ya kan ƙara? Amsar ita ce i. Duk ƙarin kilomita ɗaya da abokan mutum suka yi na sa shi ya ƙara kimanin kashi uku cikin goma na kilomita. Sun kuma gano abubuwa biyu da za su amfani mai shirin kafa ƙungiya. Wanda bai kai mutum ƙwazo ba ya fi zaburar da shi a kan wanda ya fi shi, watau gudun kada na baya ya cim masa ya fi ƙarfin burin kamo na gaba. Sa'an nan maza kan kwaikwayi maza da mata, amma mata mata kawai su ke kwaikwaya.

Annobar korona ta 2020 ta gwada dukkan wannan a aikace. Da aka hana taro, masu shirya gudun yada-ƙanin-wani na London suka ce kowa ya yi nasa kilomita 42 a inda ya ke, waya ta ba da shaida, mutum 37,966 suka kammala a ranar 4 ga Oktoba. Kamfanin Peloton, mai sayar da keke da injin gudu na cikin ɗaki haɗe da allon da ke nuna mai horarwa da sauran abokan motsa jiki, ya ga hannun jarinsa ya tashi daga Dala 29 a 2019 zuwa sama da Dala 160 a ƙarshen 2020. Da aka buɗe gari sai mutane suka koma waje. A watan Fabrairu na 2022 shugaban kamfanin ya sauka, aka sallami ma'aikata 2,800, zuwa 2024 kuma hannun jarin ya faɗo ƙasa da Dala biyar. A wannan shekarar ce Strava ya ba da rahoton cewa shiga ƙungiyoyin gudu ya ƙaru da kashi 59 daga cikin ɗari. Tsarin parkrun kuwa, wanda aka fara da mutum 13 a wani lambu na London a watan Oktoba na 2004, gudun kilomita biyar kowace Asabar kyauta, ya bazu zuwa ƙasashe sama da 20, ciki har da Afirka ta Kudu tun 2011, alhali fasaharsa ba ta wuce agogon awo da wata 'yar lamba da a ke dubawa a wurin kammalawa ba.

Lissafin Ajiya

Sunan unguwar kansa na tuna wa mutum adana kuɗi, don haka a fara da lissafi. Kafin a saki Naira a watan Yuni na 2023, Dala ɗaya na wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haye Naira 1,500. A kan canjin Naira 1,500, tabarau na Dala 300 ya tashi Naira 450,000 tun kafin a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar mai shago. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a watan Yuli na 2024 Naira 70,000 ne, watau albashin sama da wata shida ke nan. Na Dala 499 ya kusa Naira 750,000. Babu shakka akwai masu iya saye a Jimeta, amma irin waɗannan sun fi sayen kayansu a Abuja ko Dubai, kuma idan gilashin ya tsage ko batirin ya mutu, ba aiki ba ne da mai gyaran waya na bakin kasuwa zai samu kayan gyaransa cikin sauƙi.

Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a su ne Tecno da Infinix da Itel na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, kuma ba kowane ƙaramin samfuri ne ke ɗaukar manhajar ARCore ta Google ba, wadda yawancin hotunan AR a wayoyin Android suka dogara a kanta. Amma kusan duk wayar zamani na da GPS, karɓar saƙon taurarin kuwa kyauta ne, ba ya cin data. Data ba ta shigowa sai wajen tura sakamako ko hira da murya, waɗanda ba su kai kallon bidiyo ci ba. Wannan na da muhimmanci tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har zuwa kashi 50 daga cikin ɗari a watan Janairu na 2025. A taƙaice, ɓangaren fasahar da ya yi nasara a duniya, watau murya da taswira da idon aboki, ya riga ya shiga aljihun mutanen Ajiya, wanda bai yi nasara ba ne ke da tsada.

Akwai kuma abin da masu zana waɗannan na'urori a Seattle ba su sa a lissafinsu ba. Mazauna Yola da Jimeta sun daɗe suna kuka da 'yan Shila, gungun matasan nan da suka yi ƙaurin suna wajen ƙwacen waya, waɗanda hukumomin jihar suka sha ɗaukar matakai a kansu. Mutumin da ya fito da duku-duku shi kaɗai, kunnuwansa a toshe, waya a hannu, tabarau na rabin miliyan a fuska, ya tallata kansa ne. Siffar da ke gudu a gabansa ba za ta yi ihu ba, ba kuma za ta ba da shaida a ofishin 'yan sanda ba. Ga Keke Napep da ke fitowa daga lungu ba tare da sanarwa ba, wanda ke bukatar ido da kunne duka biyu. Abokin da mai gudu a nan ya fi bukata shi ne mai jini da tsoka, aikin waya shi ne ta haɗa su, ta sa musu lokaci, ta kuma rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen kasuwa. Kowa na iya tara kuɗi a akwatinsa, amma adashi ya fi tarawa, domin ranar zubi akwai waɗanda za su tambaya. Sojojin barikin Gibson Jalo da masu yi wa ƙasa hidima a sansaninsu na Damare ba sa gudun safe ɗaya-ɗaya. A jere su ke yi, da waƙa, wanda ya gaji kuma amshin 'yan'uwansa ke jan sa. Abin da binciken MIT ya auna da mutum miliyan ɗaya, uwar adashi ta daɗe da saninsa.

Batun mata ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne fasahar haɗa masu motsa jiki daga nesa ta fi samun gurbi na gaskiya. Matan aure da yawa ba za su fita gudu a titi ba, saboda al'ada da kuma tsaro, alhali hawan jini da ciwon sukari ba su bar su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ta kuma bayyana a 2024 cewa kashi 31 daga cikin ɗari na baligan duniya ba sa cika wannan, mata kuma sun fi maza yawa a ciki. Tafiya da sauri a tsakar gida ko a filin makarantar da ke da katanga, tare da ƙawaye biyar a layi ɗaya na kiran WhatsApp, kowace a gidanta, kusan shi ne gwajin Mueller ba tare da na'urarsa ba. Mace mai horarwa da za ta riƙe irin wannan rukuni, ta karɓi ɗan kuɗin wata, ba ta bukatar shago.

Ga mai rumfa, kayan da wannan harka ke ja sanannu ne: kambas na gudu, sabo da na gwanjo, ƙaramin agogo mai ƙirga taki da bugun zuciya irin na Oraimo da makamantansa, abin sauraro wanda ba ya toshe kunne gaba ɗaya, jakar ƙugu da ke ɓoye waya, riga mai ƙyalli domin direba ya hango mutum da asuba. Ba kaya ba ne masu riba mai yawa a kan kowane ɗaya, sai dai takalmi na ƙarewa, a dawo a sake saye. Mai shagon da ya tara abokan cinikinsa a rukuni ɗaya, ya sa musu ranar Asabar da wurin haɗuwa, misali kusa da dandalin Ribadu, ya samu abin da talla a rediyo ba za ta ba shi ba. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu, ya fi dacewa da farawa, ko da ya ke ƙurar hunturu kan takura wa masu ciwon asma.

Manyan kamfanoni kuwa suna da misali a cikin gida. Tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo ya fara a 2013, gudun yada-ƙanin-wani na birnin Ikko kuma a watan Fabrairu na 2016 da tallafin bankin Access. Galibi 'yan Kenya da Habasha ke kwashe manyan kyaututtukan, amma dubban talakawan da ke bin bayansu sanye da rigar mai tallafi su ne abin da bankin ya saya. Yola na da masana'antar ruwan sha ta Faro, da rassan bankuna, da kamfanonin waya, dukkansu masu neman inda za su manna sunansu. Tsarin London na 2020 ya nuna cewa ba dole ba ne a rufe titi kafin a yi gasa: ana iya buɗe ta mako guda ga mutanen Yola da Numan da Mubi da Ganye, kowa ya yi kilomita biyar a garinsa, a haɗu ranar ƙarshe a raba kyauta. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Modibbo Adama da na Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola suna iya rubuta manhajar da za ta riƙe wannan, har ma da labarin kunne irin na Zombies, Run! cikin Hausa da Fulfulde, a yankin da jama'arsa suka tashi da wasan kwaikwayo na rediyo.

Tilas a yi gargaɗi a kan wani reshe na harkar. A ƙarshen 2021 aka fito da manhajar STEPN, wadda ta yi alkawarin biyan mutum kuɗin kirifto gwargwadon tafiya ko gudun da ya yi, da sharaɗin ya fara sayen takalmin da ba ya wanzuwa sai a fuskar waya, wanda a lokacin tashensa ya kai ɗaruruwan Daloli. Ladan tsofaffin shiga ya dogara ne ƙwarai a kan kuɗin sababbin shiga. Bayan kuɗin manhajar ya kai ƙololuwa a ƙarshen watan Afrilu na 2022, cikin 'yan watanni ya zubar da fiye da kashi 90 daga cikin ɗari na darajarsa. 'Yan Nijeriya da suka ga yadda MMM ta rufe asusun jama'a a watan Disamba na 2016 ba sa bukatar dogon bayani, amma irin wannan kan dawo da sabon suna, kuma sunan motsa jiki na sa ya yi kama da abin arziki.

Saura batun sirri. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi a Ostireliya ya lura cewa taswirar da Strava ya wallafa, mai nuna hanyoyin da jama'a suka fi bi, ta fallasa fasalin sansanonin sojojin Amurka a ƙasashe irin su Afganistan da Siriya, domin sojojin na gudu a kewayen sansanin da agogonsu a kunne. Abin da ya tona asirin barikin soja zai iya nuna ƙofar gidan attajiri da sa'ar da ya ke fita kowace safiya. Manhajar na da wurin ɓoye farkon hanya da ƙarshenta, da kuma wurin nuna wa amintattu uku kaɗai inda mutum ya ke a lokacin gudu, amma wannan na biyun sai mai wayar ya kunna da kansa. Duk ɗan kasuwar da ya tara sunaye da lambobin waya da hanyoyin gudun abokan cinikinsa ya shiga ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, wadda kuma ta wajabta masa sanar da su abin da zai yi da bayanan, ya kuma tsare su daga hannun wani.